Shayin Da Inna Mok Ta Ƙi Sha

Tun da sassafe aka share falon gidan Mok, wanda yake saman shagonsu na shinkafa a unguwar Yau Ma Tei da ke Kowloon. Aka goge allon sunayen kakanni, aka kunna turare. Dangi sun cika gidan har kan matakala. Inna Mok, uwar ango, tana zaune a kujera mai dogon baya, hannayenta bisa cinya, akwatin awarwaron zinariya a gefenta. Kujerar da ke damanta ba kowa a kai, ta marigayi maigidanta ce. A ƙasa, daidai ƙafafunta, an ajiye jajayen matasai biyu.

Matasai biyun nan amarya Lai-kuen ta fara gani da ta shigo.

Tun kafin a sa rana mahaifinta, Tsoho Tsang, ya daki ƙirji ya ce ya je da kansa ya yi magana da uwar ango, ta kuma yarda amarya ta miƙa shayi a tsaye, kamar yadda 'yan zamani suka fara yi. Ya gargaɗi angon, Hon-ming, da cewa kada ya tayar da zancen, magana ce ta manya an riga an rufe. To ga matashi a ƙasa yana jiranta. Ashe tsohon ko tayar mata da zancen bai yi ba.

Hon-ming ya durƙusa a kan nasa, fuskarsa ta yi fari. Tsohuwar da aka ɗauko ta jagoranci al'adun biki ta miƙa wa amarya kofin shayi mai jan dabino a ciki, tana rera addu'arta: "Amarya ta durƙusa, suruka ta sha, gida ya cika da jikoki."

Lai-kuen ta riƙe kofin da hannu biyu, ta sunkuya tun daga ƙugu har sai da goshinta ya kusa taɓa shi. Ta ce, "Inna, ga shayi."

Inna Mok ba ta miƙo hannu ba. Ta dubi matashin, ta dubi amarya.

"Ba ki ga abin da ke gabanki ba ne?"

"Na gani, Inna."

"To?"

Ƙanwar marigayin, wadda kowa ke kira Goggo ta Uku, ita ta sa baki daga bakin ƙofa.

"Haba, ku ƙyale ta mana. Jar Shirwa ce fa kuka auro. Kun taɓa ganin shirwa ta sauko ƙasa in ba ɗan tsako ta hango ba? Ni da idona na gan ta a silima kwanan nan, ta zube gwiwa biyu gaban wani tsoho mai gemun ƙarya, har tana buga goshi a ƙasa. Ashe sai an biya ake durƙusawa."

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Hon-ming ya ɗago ya ce, "Inna, ki karɓa a haka, ki yi don ni."

"Rufe mini baki. A kan siminti na durƙusa wa kakarka, ko tsumma ba a shimfiɗa mini ba, ban mutu ba. Yau a gidana, gaban sunan ubanka, 'yar wasan silima za ta tsaya mini ƙerere?" Ta miƙe, ta ɗauki akwatin awarwaron ta sa a hammata. "A zubar da shayin nan. Ni ban yi suruka ba tukuna."

Kowa a garin ya san dokar. In uwar miji ta sha shayin amarya, ta zama 'yar gida, a sa mata awarwaro, a gabatar da ita ga kakanni. In ba ta sha ba, ko shekara nawa ta yi a ɗakin mijinta, baƙuwa ce.

Abin da dangin Mok ba su sani ba shi ne, ƙafar damar Lai-kuen ba ta lanƙwasuwa.

Tana 'yar shekara bakwai mahaifinta ya kai ta makarantar wasan gargajiya ya sa hannu ya barta can. A nan ta koyi tsalle da juyi da sara da takobi, ta koyi shan bulala ba tare da ta yi tari ba, don a makarantar nan wanda ya ce "wayyo" shi ake ƙara wa. Daga can kamfanin fim ya ɗauke ta. Ba a daɗe ba hotonta ya cika bangon silima daga Kowloon har Singafo, da jar riga, ƙafa ɗaya a sama, an rubuta a ƙasa da manyan baƙaƙe cewa Jar Shirwa da kanta take yin komai, ba wanda yake shiga rigarta. Kuma gaskiya ne a lokacin.

Sai ran nan aka ɗaura mata igiyar ƙarfe za ta tsallake rufin soro. Igiyar ta tsufa, masu jan ta sun faɗa, mai kamfani ya ce sabuwa tana da tsada. Ta tsinke. A kan gwiwa Lai-kuen ta sauka. Likitoci suka haɗa ƙashin da ƙarfe, suka ce za ta yi tafiya, za ta zauna, amma ranar da ta tilasta wa gwiwar nan ta kai ƙasa, to ta yi sallama da tafiya.

Mai kamfani ya riga ya sayar da fina-finai da sunanta tun ba a ɗauke su ba. Shi da Tsoho Tsang suka gaya wa jaridu ta tafi hutu, suka tara ma'aikata gaban ɗan wurin bauta da ke rumfar ɗaukar fim, kowa ya riƙe turare ya rantse ba zai faɗa ba, ita ma suka sa ta rantse. Daga ranar, fuskarta kawai ake ɗauka. Duk wani tsalle da faɗuwa da durƙuso, Ah-lok ne yake yi, ɗan makarantarsu, siririn mutum mai irin tsayinta. A sa masa jar riga da hular gashi, a ɗauke shi ta baya. Shi Goggo ta Uku ta gani yana buga goshi a ƙasa. Kusan mutum arba'in ne suke cin abinci a inuwar ƙaryar nan: masu jan igiya, masu faɗuwa, masu fitila, da iyalansu.

Hon-ming kuwa ma'aikacin asibiti ne, mai ɗaukar hoton ƙashi. Ya ga gwiwarta kafin ya san sunanta. Shi ya riƙa kawo mata miyar ƙashin kifi a ɓoye a ɗakin jinya, shi ya riƙe ta ranar da ta fara taka ƙasa. Duk garin suna son Jar Shirwa mai tashi sama, shi kaɗai ya so wadda ke ɗingishi. Don haka ta aure shi.

Zaman gidan Mok ya zo da ɗaci. In aka shirya tebur, kwano uku ake ajiyewa, na Inna da na ɗanta da na Goggo, wadda kullum ƙafarta tana gidan. Lai-kuen a kicin take ci, a tsaye. Ta tashi da duku-duku ta dama kunun shinkafa kafin motar kamfani ta zo, Inna Mok ta ɗauka ta juye wa kyanwar shago. Ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai ta ce wa ɗanta, "Gaya wa 'yar gidan Tsang ta kwashe shanyarta."

Kuma alamu suna nan a fili ga mai son gani. Lai-kuen tana hawa matakala a hankali tana dafa bango, Goggo ta ce tafiyar sarauniya ce. Ta zauna ta miƙe ƙafa ɗaya, Inna ta ce rashin tarbiyya ne. Ta goge ƙasa da doguwar sanda maimakon ta tsuguna, aka ce girman kai. Wanda ya riga ya yanke hukunci, idonsa sheda kawai yake nema.

Da sabuwar shekara ta gabato, Inna Mok ta ajiye tsinken cin abincinta ta yi magana da ƙarfi yadda za a ji har kicin.

"Ran sabuwar shekara dangi za su taru. Ko ta durƙusa ta ba ni shayina, ko ta tattara ta koma gidan ubanta. Kai kuma in ka bi ta, kada ka zo kaina in na mutu."

Hon-ming ya sami matarsa a ɗaki tana shafa wa gwiwar magani. Ya rufe ƙofa.

"Kuen, bari in gaya mata. Na gaji."

"Ka gaya mata da safe, kafin rana ta faɗi Goggo ta kai gidan shayin da 'yan jarida suke zama. Ka san bakinta, kwando ne. Matar Ah-lok ciki gare ta. Tsoho Fai mai jan igiya 'ya'ya biyar. Kai za ka ciyar da su?"

"To ni ya zan yi? Uwata a nan, ke a nan." Ya zauna bakin gado ya dafe kai. Can ya ce a hankali, "Ko za ki gwada? Minti ɗaya kawai, in riƙe ki ta gefe..."

Ta ajiye kwalbar maganin.

"Maimaita."

"Ban ce..."

"Kai ka ɗauki hoton ƙashin nan, Ming. Kai ka ɗaga shi gaban fitila ka ƙirga mini ƙarafan da ke ciki. Goggo ta ce in durƙusa, na ce jahilci ne. Inna ta ce in durƙusa, na ce rashin sani ne. Kai kuma fa? Me zan kira naka?"

Hawaye ya cika idonsa. Ya ce, "Tsoro. Ki yafe mini. In kika tafi, tare za mu tafi."

"Ba na son in raba ka da uwarka. So nake ta sha shayina, shi ke nan."

Washegari ta nufi gidan mahaifinta, gidan da guminta ya saya. Ta tarar da shi da abokansa kan teburin caca, hayaƙin taba ya turnuƙe falon. Ta tsaya har abokan suka fahimta suka ba su wuri.

"Baba, me ya sa ka ce ka yi magana da ita?"

Bai ɗago ba, yana jera 'ya'yan caca. "Da na yi magana sai ta tambayi dalili. Da ta ji dalili sai gari ya ji. Ke yarinya ce?"

"Ka bar ni na shiga gaban dangin mutane aka yi mini dariya."

"Dariya tana kisa ne? Wa ya aike ki auren ɗan mai shinkafa? Manyan attajirai nawa suka aiko, kika ce sai mai kallon ƙasusuwa."

"Ka sake ni daga rantsuwar nan. Inna kaɗai zan gaya wa, ni da ita."

"In an gama fina-finan da aka sayar."

"Wannan ne na ƙarshe."

Ya yi tari, ya kau da kai. "Na sa hannu a kan wasu."

"Da ƙafar wa? Baba, da ƙafar wa ka sa hannu?"

"Ki iya bakinki. Ni na haife ki."

"Ka haife ni, ka kai ni inda ake dukana ina 'yar shekara bakwai, ka tafi ko waiwaye babu. Da na faɗo daga soro, a bakin ɗakin tiyata kana tambayar likita ko fuskar ta taɓu. Fuskar, Baba. Na ji ka."

Ya miƙe ya kwaɗa mata mari. Macen da ta iya karya katako da tafin hannu ta tsaya, hannayenta a gefe, ba ta ko ɗaga su ba. Ta sunkuya ta gaishe shi kamar yadda 'ya take yi, ta fita, ta sauka matakala tana dafa bango.

Ana saura 'yan kwanaki sabuwar shekara aka zo ɗaukar wurin da jaruma za ta durƙusa gaban kabarin malaminta ta rantse za ta rama. An gina kabarin da katako da takarda a tsakiyar rumfa, an watsa busasshen ganye, ana kaɗa babbar fanka. Ah-lok ya sha jar riga da hular gashi mai doguwar jela, ya juya wa kyamara baya. Lai-kuen tana can gefe bayan fitilu, sanye da irin rigar, tana jiran a zo kan fuskarta. Gwiwar ta kumbura ranar, don haka ta naɗe wandon ta ɗora ƙafar a kan akwati da tawul mai zafi. Mahaifinta yana kusa da mai kamfani yana cin cinyar agwagwa, don bai taɓa fashin abincin rumfa ba.

Darakta ya ba da umarni, kyamara ta fara juyawa. Ah-lok ya tako a hankali ya zube gwiwa biyu.

A lokacin ne Lai-kuen ta ji hayaniya daga bakin ƙofa. Ta leƙa ta tsakanin fitilu. Inna Mok ce take tahowa, butar shayi a hannu ɗaya, kofi a ɗayan, Goggo ta Uku a bayanta, maigadi yana binsu yana roƙo. Ashe direban kamfani ya yi suɓutar baki a shagon shinkafa cewa yau Jar Shirwa za ta durƙusa, Goggo kuwa ta hau sama da labarin da gudu.

Inna Mok ba ta dubi kowa ba. Ta ratsa ta gaban kyamara, ta taka ganyen, ta tsaya a kan mai durƙuso.

"Yauwa. Ashe gwiwar tana aiki. Tunda a nan kike iyawa, na kawo miki shayin har nan. Gaban kabarin takarda kin iya zubewa, ni da na haifi mijinki sai tsayuwa? Juyo ki dube ni, marar kunya."

Ah-lok ya ƙame, bai juyo ba. Darakta yana ihu a tsayar, a fitar da ita. Ita kuwa ta dire butar, ta damƙi jelar gashin ta fizga don ta juyo da fuskar.

Gashin ya biyo hannunta gaba ɗaya.

Wani ƙwalƙwalin kai ya bayyana, da fuskar namiji mai tsiron gemu, an shafe ta da jan baki. Ah-lok ya ɗaga ido ya ce cikin ƙaramar murya, "Barka da rana, Inna."

Goggo ta Uku ta dafe ƙirji ta ce, "Na shiga uku, ƙato ne!"

Ba wanda ya yi dariya. Fankar ce kawai take kaɗa ganye. Inna Mok ta dubi gashin da ke hannunta, ta dubi mutanen da suka kewaye ta, ta ga duk idanunsu sun koma wuri guda. Ta bi kallon nasu har bayan fitilu.

Lai-kuen ba ta yi ƙoƙarin rufe ƙafar ba, ta san an wuce nan. Tsohuwar ta matso a hankali, ta ɗage tawul ɗin da yatsa biyu. Tabon ɗinki ya taso daga cinya har ƙauri kamar shanshani, gwiwar ta yi suntum, ana ganin tudun ƙarfe a ƙarƙashin fata.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin in san ɗanki."

"Ya sani?"

"Shi ya ɗauki hoton ƙashin."

"Me ya hana ki buɗe baki ki gaya mini?"

Duk abin da Lai-kuen ta haɗiye a kicin ɗin nan ya taso mata. Ba ta ɗaga murya ba, amma kowa ya ji.

"Rantsuwa aka sa ni, Inna. Dubi mutanen nan, da ƙaryar ƙafata suke ciyar da 'ya'yansu, yau kuma kin fizge ta a gaban kowa. Kin ga ina hawa matakalarki ina dafa bango, aka ce yanga. Kin ga ina miƙe ƙafa, kika ce ba a yi mini tarbiyya ba. Abin da kika gani a bangon silima kika yarda da shi, abin da ke gabanki kullum a cikin gidanki ba ki yarda ba. Ko sau ɗaya ba ki ce, yarinyar nan lafiya kuwa?"

Tun da aka kawo Inna gidan Mok ba wanda ya taɓa gaya mata magana irin wannan.

Tsoho Tsang ne ya yi kuskuren matsowa, yana goge maiƙo a baki. "Suruka, ki yi haƙuri, sirrin sana'a ne. In muka zauna..."

Ta juyo kansa kamar an watsa wa wuta mai.

"Kai ne uban? Da kai muka zauna ranar sa rana, ka cinye mini agwagwa guda, ka sha giyata, ba ka iya cewa 'yata tana da ciwo ba? Ka bari na wulaƙanta ta gaban kakannin mijina, ka sa na ɗauki alhaki da hannuna?" Ta nuna mai kamfani da hular gashin. "Kai kuma mai tumbi, kai ka karya ta, sannan ka sa wa namiji jan baki kana sayar wa mutane? Ni shinkafa nake sayarwa, ban taɓa zuba tsakuwa a buhu na ce tsaba ce ba. Tir da ku."

Ta jefa masa gashin a ƙirji. Ta cire mayafin wuyanta ta rufe gwiwar Lai-kuen da shi, ta ce wa Ah-lok, "Kai, goge bakin nan ka zo ka kama mini ita. Gida za mu."

Kafin su kai mota, Goggo ta Uku ta riga ta sami wayar tarho ta kira 'yan jarida. Washegari hoton Ah-lok da jan baki yana shafin farko na jaridu. Masu silima na ƙetare suka soke ciniki, mai kamfani ya rufe aikin ya sallami kowa ba ko sisi, Tsoho Tsang ya aiko cewa ba shi da 'ya. Abin da Lai-kuen ta yi ta tsoro ya faru duka. Ta kwanta a ɗaki ta juya wa bango fuska, Hon-ming yana zaune a gefenta.

Inna Mok kuwa ba ta iya ba da haƙuri da baki ba, ba a koya mata ba. Abin da ta yi shi ne ta sauka shago ta sa Ah-lok ya lissafo mata gidajen waɗanda aka sallama, ta sa aka riƙa kai wa kowane gida buhun shinkafa. Ta ce ita ta zubar musu da tukunya, ita za ta cika har su sami aiki. Sannan ta hana Goggo ta Uku hawa matakalar gidan, sai in an kira ta.

Ran sabuwar shekara aka kira ta. Inna Mok ta aika wa duk wanda ya halarci bikin, har da wani kawu da ke Makau wanda ya ce ƙafarsa tana ciwo, ta ce ko a kan kujera ne a ɗauko shi. Falo ya cika kamar ranar farko. Ta zauna a kujerarta, ta sa Goggo ta riƙe faranti.

"Duk wanda ya yi dariya ran nan yana nan?" Ta bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai. "A gabanku na ƙi shayin yarinyar nan, a gabanku zan sha. Na ce mata marar kunya. Ƙarya na yi. Ta riƙe amanar mutum arba'in da ƙafa ɗaya, a cikinku ban ga wanda zai iya da biyu ba. Lai-kuen, zo."

Karon farko ke nan da sunan ya fito daga bakinta. Lai-kuen ta tako, Hon-ming yana gefenta. Ta ɗauki kofin daga farantin da ke hannun Goggo, ta fara sunkuyawa.

"Miƙe," in ji Inna Mok. "Kin sunkuya ya isa."

"Inna, ga shayi."

Tsohuwar ta karɓa da hannu biyu, abin da uwar miji ba ta yi. Ta shanye tas, har dabinon ta tauna. Ta buɗe akwati ta zura mata awarwaron, sannan ta kama ta ta kai ta gaban allon kakanni ta ce, "Ga 'yarku." A nan Jar Shirwa, wadda bulalar makaranta da faɗuwa daga soro ba su sa ta kuka ba, ta kifa kai a kafaɗar surukarta ta yi kuka har na bayan ƙofa suna ji.

Ba ta sake fitowa a fim ba. Amma kafin shekarar ta ƙare wani ƙaramin kamfani ya nemi ta riƙa tsara musu faɗa, don ba wanda ya kai ta sanin yadda ake dukan da zai yi kyau a ido. Ta ce za ta zo da sharaɗi biyu: da mutanenta za ta zo, kuma duk igiyar da za a ɗaura wa ɗan wani sai ta duba ta da hannunta. Aka yarda. Tana zaune a kujera da sanda take aikin, 'yan mata da yawa sun tashi a hannunta da ƙafafunsu lafiya.

Mai kamfanin da ya ƙi sayen igiya bai taɓa neman gafara ba. Tsoho Tsang ma haka, ko da yake da tsufa ya kama shi, daga gidan Mok ake aika masa abinci. Sunan Ah-lok bai taɓa hawa bangon silima ba, alhali shi dubban mutane suka yi ta yi wa tafi. Waɗannan haƙƙoƙi ne da ba a biya ba, kuma daɗewa ba ta mayar da zalunci ya zama daidai.

Ku 'yan mata masu haƙuri a gidajen da ba a fahimce ku ba, ku sani gaskiya tana iya jinkiri, amma ba ta kwana a hanya har abada. Ku kuma iyaye, 'ya ba gona ba ce da za a yi ta girba har ta mutu. Wanda kuma ya ga na ƙasa da shi ya kasa yin abin da aka saba, ya tambaya kafin ya zarga. In kuwa ya riga ya zarga a bainar jama'a, to a bainar jama'a zai wanke, kamar yadda Inna Mok ta yi.